Makullin Motar Burodi

Lahadi, 15 ga Yuni 2025

Tun bayan azumi 'ya'yana suka zauna, suka ɗauki gidan burodin da na gina da kuɗin sallamata suka damƙa wa 'yar'uwarsu Zahara. Ni kuma aka ba ni kujera a bakin ƙofa da maganin hawan jini. Na karanci tafiyar da ma'aikatu a Dakar tun uwarta tana budurwa. Yau wai in huta.

Hamid, babbansu, ya faɗa daga Abijan cewa in damina ta wuce gidan bai tsaya da ƙafarsa ba, a sayar. Da sauƙi a bakinsa.

Esta maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar lakwal, makarantar boko, ta ce ta ji muhawara a rediyo, wai mata sun fi iya riƙon kasuwanci don suna jin abin da ke damun mutane. Na ce tanda ba ta san tausayi ba, wuta ta sani. Ta ce, "Shi ya sa abin da ka riƙe yake ƙonewa, Illa." Bakinta bai tsufa ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Hadari ya haɗu, ya watse. Ma'aikata kowa hankalinsa na kan waya. Duk mutanen arewa ne, Affala da Takanamat, ɗaya daga Tebaram. Na san abin da ke tafe. In ruwan shuka ya sauka, dole iri ya shiga kafin ƙasa ta bushe, ba ruwanta da wanda ke da aiki a Tawa. A zamanina doka ɗaya ce: wanda ya tafi shuka, ya tafi ke nan. Na gaya wa Zahara. Ta ce, "Na ji, Baba." Irin "na ji" ɗin uwarta.

Asabar, 21 ga Yuni

An yi ruwa a arewa. Ba barin su tafiya shuka kawai Zahara ta yi ba, motar rabon burodi ta ba su, Alƙasum babban mai kwaɓi ya tuƙa. Ita da ƙanwarta Safi suka tsaya kan kwaɓin. Masu shayin tasha sun zo da safe, rabin abin da suka saba suka samu, shi ma ba kyau.

Na yi magana. Ta ce, "Geron nan ne abincin gidajensu na shekara, Baba. In na hana su, jikinsu kaɗai zai tsaya nan." Na ce jikin nake biya dama. Ta dube ni, ta ci gaba da goge tire.

Litinin, 23 ga Yuni

Manyan masu shayin sun koma sabon gidan burodin hanyar Agadas. Ga ribar tausayi.

Laraba, 25 ga Yuni

Ma'aikata sun dawo, ban da na Tebaram. Alƙasum ya wanke motar, ya kawo wa Zahara cuku. Ni ya gaishe ni daga nesa.

Da can damina takan cinye mini rabin ma'aikata, in yi ta koya wa sababbi har kaka. Na rubuta ne don kawai na tuna. Ba hujja ba ce.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ko ɗigo tun wancan. Shuka ta ƙone a gonaki. Ba mai waƙa a ɗakin kwaɓi yanzu. Jiya Alƙasum ya ƙona tire guda cur, mutumin da bai taɓa ba. Na jira in ga hukunci. Zahara ta zaunar da shi a inuwa, ta tambaye shi ko da sauran iri a gida.

Masu shayi wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Hamid ya kira, bai tambayi lafiyata ba sai a ƙarshe. Na gaji. Ƙafafuna sun kumbura.

Talata, 15 ga Yuli

Zahara ta tafi Ƙonni neman fulawa, sai jibi. Ta bar mini makullai, ta ce, "Kai ne babba." Kamar ana ba jika alewa.

Laraba, 16 ga Yuli

Ruwa ya sauka arewa da asuba. Wayar Zahara ba ta shiga.

Da hantsi ma'aikata suka tsaya gabana, Alƙasum a gaba. Bai roƙa ba. Ya ce, "Alhaji, wanga ne na ƙarshe. In ya wuce mu, sai baɗi." Ya san dokata, shi ya sa idonsa na ƙasa. Na lura duk sun ɗaura jakunkunansu a bayan ƙofa, sannan suka zo tambaya. Da ba su zo ba ma, wa zai tare su? Sun zo ne don darajar Zahara.

Na miƙa masa makullin motar, na ce ya fara sauke na Takanamat, kuma kada ya bi ta fadama, motar ba ta son laka.

Ni da Safi muka yi burodin yamma. Ya fito a karkace, masu shayi sun yi dariya, sun dai saya. Esta ta ga fulawa har gwiwar hannuna, ta wuce abinta. Da ma ta faɗa.

Ba tausayi ba ne. Batirin motar mutuwa yake in ta daɗe a tsaye.

Na fita sau biyu na duba arewa. Akwai sauran hadari.