Ɗigon Lalle Shida a Cikina

Malam Mahadi, assalamu alaikum. Ka taimake ni, kuma ka sani ban saba furta wannan kalma ba. Da jaka ɗaya na shigo Makka, ban san kowa ba. Na tura keken ɗawafi shekara shida, na kasa carbi ina sayarwa a Jarwal, yau ina da shago biyu a Rusaifa da sito a Aziziyya. Iƙamata, wato takardar izinin zama, ni na nema, Larabci a bakin titi na koya. A aji uku na tsaya a sakandare, amma 'yata Hafsa ma'aikaciyar jinya ce. Ko kwali babu wanda ya taɓa ɗaga min.

Abin da ya gagare ni cikina ne. Shekarata hamsin da bakwai, kuma na daɗe da taurin bayan gida, sai in yi kwana biyar shiru. Bara da na je Guangzhou saro darduma, dillalina ya kai ni wajen wani tsohon likitansu. Ya kwantar da ni, ya soka min siraran allurai a ciki, ya ba ni shayin ganye. Wallahi a kwana na huɗu na ji kamar an sauke min buhu.

Kafin in taso na ɗiga biro a wurare shida da yake sokawa. Da na dawo, mai ɗakina Mariama ta bi su da lalle, tana sabuntawa duk sati biyu. Na taho da kwalin allura da katon na shayin. Nasir wanzami, mai yi mana ƙaho, shi ke soka min duk Alhamis. Wannan dabara tawa ce, ba a littafi na gani ba.

Ranar da muka yi umara harami ya zame, abokaina suka ga ɗigon, tun daga nan suke ce min Likitan China. Na ji daɗin sunan. Har na faɗa a gaban baƙi cewa na warkar da kaina ba tare da masu farar riga ba. Hafsa tana wurin tana zuba gahawa. Ta ajiye buta ta fita.

To yanzu ƙulli ɗaya na shayin ba ya aiki, sai uku. Ciki na murɗa min a cikin salla. Wata biyu ke nan ina ganin jini, baƙi-baƙi, ba irin na basir ba. Na ƙara huda biyu a bel ɗina. Ɗigo ɗaya ya kumbura yana ruwa. Mariama na ce mata rage cin shinkafar kabsa nake yi.

Ga hoton takardar shayin nan, ka samo min mai karanta rubutun China, ko dafawar nake kuskurewa. Ka kuma tambaya min ko ramar ce ta gusar da ɗigon daga mazauninsu. Kada ka ce in je wurin Hafsa, da wane baki? Sannan ban yarda da "wani bawan Allah" ba. Ka buga cikakken sunana, a san wanda ya fara kawo wannan magani cikin Hausawan Makka.

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban raina abin da ka gina ba, ban kuma ƙaryata sauƙin da ka samu ba. Akwai masu taurin bayan gida da allurar nan ke yi wa amfani a hannun wanda ya koye ta. Amma Nasir ƙaho ya koya. Ciki ba wurin gwaji ba ne, kuma kumburin nan alama ce ƙwayar cuta ta shiga. A daina daga yau.

Shayin ma ka ajiye shi. Irinsa sau da yawa akwai filasko a ciki, wato sanamakkin da ke kowane shagon kayan ƙamshi a unguwarku. Yana tura hanji ya yi aiki, amma in aka daɗe ana sha sai ya kawo murɗa, ya rage gishirin jiki. Ka kai wa likita ƙullin da takardarsa.

Ba dafawa ka kuskure ba, ba kuma ɗigo ne ya gusa ba. Jini da rama a shekarunka ba abin jira ba ne. Yana iya zama ƙaramin abu, yana iya zama wanda in an kama shi da wuri ake cin ƙarfinsa. Cikin satin nan ka ga likitan ciki, ka yarda a leƙa hanjin. In jinin ya ƙaru ko ka ji jiri, asibiti a ranar.

Ka tambaya da wane baki. Da wanda ka yi maganar a gaban baƙi. Tunda ka ɓata mata rai, ka ba ta haƙuri, ka ce ta raka ka. Ba za ta tsaya tuna maka abin da ka faɗa ba, abayarta za ta ɗauko.

Sunanka kuwa na riƙe shi, na kuma canza na iyalinka. Bai dace 'yarka ta fara jin labarin jinin nan a jarida ba. Kai ya kamata ka fara gaya mata. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa a ji alheri.