Agogon Ladan

Matameye, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana, Baban Nafisa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya Kano, ya aikin rani? Mu duk lafiya lau, sai dai Baba, mahaifinka, ba ya cikin walwala.

Tsohon agogonsa ne, mai kwalaben gilashi huɗu da lambobi ke ci ja a ciki. Ka san da idonsa ya yi rauni agogon nan kaɗai yake iya karantawa. To, ya dusashe. Sau biyu Baba yana makara da kiran magariba, har dattawan masallaci sun ce in an kuma, Mahamadu mai tireda zai karɓi ladancin, tunda yana da waya. Shekara talatin da ɗaya Baba na kiran salla. Jiya ko furarsa bai taɓa ba, ni kuwa na shiga ɗaki na yi kuka.

Na buɗe agogon, na ga aikinka. Ashe da ka gyara bara, sai ka sa kwalaben suna ci bi da bi, da saurin da ido ba ya kamawa, don ka rage wayoyi. Da haske ya ragu, ka ƙara musu wuta. Haba maigida! Kowacce sai ta sha duka mai zafi, shi ya sa gilashin ya fara baƙi. Kuma ba mu da ko ɗaya ta canji.

Zan taɓa shi. Karatun lantarkin da na yi a Damagaram, wanda kake ce wa karatun gyaran tocila, yau za a gani.

Matarka,
Najaha

Matameye, 21 ga Nuwamba

Baban Nafisa,

Ina gaisuwa, da fatan tarin da ka ce kana fama da shi ya sake ka. Zauna ka sha labari.

Kwana shida na yi ina ja wa kowace kwalba hanyar wutarta, tana ci a tsaye, a hankali, ba fizga. Wutar ba ta kai taka ba, haske kuwa ya fi naka. Amma lamba bakwai ta wurin awa ta ƙi fitowa, rabi kawai take ci. Gabana ya faɗi, don yanzu magariba 17:55 take.

Ashe laifin Baba ne. Don tattali, sai salla ta gabato yake kunna hasken, ita kuwa bakwai kusan shekara ba a neme ta ba, har ƙurar da sauran lambobin ke fitarwa a cikin kwalbar ta rufe ta. Na bar ta tana ci ita kaɗai kwana uku, ta washe tas. Yanzu kullum agogon kan zagaya lambobinsa duka na minti ɗaya, kada wata ta sake kwantawa.

Ranar Juma'a na ajiye shi a ɗakin Baba. Ya karanta lokaci daga bakin ƙofa, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ina tsakar gida na ji muryarsa, daidai kan minti, har da jan muryar nan da ya daina. An ce Mahamadu da kansa ya duba wayarsa ya koma sahu.

Baba ya hana kowa taɓa agogon sai ni. Ya ce in rubuta maka cewa har da kai.

Taka,
Najaha