Hankicin Mista Kessler

Litinin, 6 ga Oktoba, 1930
Sun sake ba ni matsayin mugu a fim. Na kashe uban yaro, yaro ya girma ya biyo sawuna har cikin duwatsu. A ƙarshe zan jingina da turken shinge, harsashi ya fasa turken daidai inda kaina yake. Harsashin gaske, don na bogi ba ya tarwatsa itace. Orval, maharbinmu, shi zai harba, kamar kullum.

Laraba, 8 ga Oktoba
Zamanin da fim yake bebe, darakta ke kwarma ihu, "Duƙa!" in duƙa, Orval ya harba. Yanzu fim ya koyi magana, mu aka hana. Sun ɓoye makirfo a gindin ƙaya, ko tari ka yi sai an sake. Daraktanmu Mista Kessler ya ce farin hankici zai saki daga bayan kyamara. In ya faɗi in duƙa, Orval ya harba. Na ce to.

Daga turken nan Kessler kansa ba na ganinsa, balle hankici. Tun bara idona ke hazo. In suka sani, ko sharar barga ba za su ba ni ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Wake ya ƙi wucewa. Kofi kawai na sha, shi ma rabi ya zube a riga.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Orval ya same ni ina shafa turken.
"Elam, tsohon banza, tun ɗazu nake ɗago maka hannu. Girman kai ka fara?"
Na ce ina koyon mutuwa ne.
Ya dube ni, ya dubi inda kyamara take. Bai yi dariya ba. In ya faɗa, na rasa aiki. In ya yi shiru...

Asabar, 11 ga Oktoba
Da safe Orval ya ce wa Kessler rana na kashe masa ido, shi ba ya ganin wannan ɗan tsumman. Ya zo da zanin gadon matarsa Hettie. Kessler ya ce, "Maharbi ke nan, wai." Kowa ya yi masa dariya, ya shanye.

Na jingina da turken. Sai wani farin abu ya zubo kamar bango. Na duƙa. Har yanzu ina tsintar itace a wuyan rigata.

Litinin, 13 ga Oktoba
Mun shiga gari. Na raɓa shagon mai tabarau, don inuwa kawai. Mutumin ya ɗora mini wani abu a hanci. Orval na waje yana jira, wai yana duba kofaton doki.

Ashe ya yi furfura haka.