Gadon Raudatu

Yaya Aina'u,

Bayan gaisuwa, yaya ƙafar Inna? An gama yankan gero a Tofa? Ni lafiya lau, sai ɗan tari, don ruwan garin nan ba ya ɗaukewa.

Kin tambayi ranar da ƙanwarmu Raudatu za ta taho fara karatu. Ban sani ba, alhali da ni majalisar ɗalibai ta zauna kan maganar karɓar sababbin shiga. Wasu suka ce a fara zagayawa da sababbin ɗalibai, sannan su zaɓi ɗaki. Wasu suka ce a fara ba da ɗaki, don wanda ba shi da wurin ajiye jaka ba ya jin lacca. Aka yi ƙuri'a, shawarwarin biyu duk suka ci, don wasu sun ɗaga hannu sau biyu. Har da ni. Na zaci tambayar aka maimaita.

Yanzu ba a ba da ɗaki sai an yi zagayen, zagayen kuma sai mai ɗaki.

Ki dai ce mata ta taho ranar Asabar. Kada Baba ya ji, na riga na ce masa ta samu gado. Katifata za ta ɗauki mutum biyu, in ba mai juyi.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Fauziyya