Rijiyar da Ciyawa ta Haɗiye

Anti mai shawara, ki taimake ni, bakina ne ya ja mini.

Ni tsohuwa ce mai jikoki tara, duk kunnen ƙashi. A bayan gidana akwai tsohuwar rijiya da marigayi maigidana ya rufe da katako. Don kada yaran su je wurin, sai na ƙirƙiro musu wani dodo, Mai Dogon Hannu, na ce a ciyawar yake kwance, yana jan ƙafar duk wanda ya shiga. Har muryarsa nake yi musu. Labari ya yi daɗi, ya tsallake katanga ya zaga unguwa. Shekara shida ba wanda ya taka wurin, ciyawa ta fi ni tsawo.

Ranar Litinin ma'aikacin ƙaramar hukuma ya liƙa mini takarda a ƙofa, ya shafa jan fenti a bango. Wai doka ta hana ciyawar gida wuce gwiwa, saboda sauro da macizai da gobara. Kwana bakwai suka ba ni, ko su turo mutanensu da injin yanka. Na nemi masu sara uku, kowa ya ce ba da shi ba. Ɗaya har rantsuwa ya yi ya taɓa ganin hannun.

Ban gaya wa hukuma zancen rijiyar ba, ina tsoron a ce na ɓoye haɗari. Katakon ya daɗe da ruɓewa, kuma wallahi na manta daidai inda bakinta yake. Jiya akuyar maƙwabciyata ta shiga, na ji kukanta sau ɗaya, ba ta fito ba. Saura kwana uku.

Kaka mai dogon baki

Kaka, dodonki ya tsare jikoki shekara shida, ban raina masa ba. Amma hukuma ma tana da gaskiya, kuma mai injin da za su turo bai san Mai Dogon Hannu ba, kai tsaye zai shiga.

Yau ɗin nan ki je ofishinsu da takardar, ki faɗi rijiyar, ki sa su rubuta, ki roƙi ƙarin wa'adi. Faɗansu ba zai kashe ki ba. Kada ki cinna wuta. A sara da hannu daga gindin katanga, ana dungurar ƙasa da doguwar sanda, har a gano bakin rijiyar a cike ta.

Ki gaya wa maƙwabciya inda akuyarta take. Sannan ki tara jikokin da masu sarar, ki kashe dodon nan da bakin da ya haife shi.

Allah ya tsare ƙafar kowa.