Layin da na ja a taswirar kakana

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya, kai da masu karanta wannan shafi. Ina roƙonka ka sakaya sunana da na garinmu. Ku kuma jama'a, don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, domin duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina fiye da shi.

Ni malamin elementare ne a wani ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi. Gidanmu gidan malamai ne. Mahaifina ya haura saba'in, idonsa ya mutu shekara huɗu ke nan, amma har yau da ka yake ba da karatu a zaure. A gafakarsa akwai wata tsohuwar takarda da kakana ya zana da hannunsa, taswirar fadamar garinmu, da rubutun ajami a gefe. Ta nuna gonakin rake, ta nuna rijiya, ta nuna burtalin da shanun Fulani ke bi su sha ruwa. A kan rijiyar nan rigima ta tashi bara tsakanin mutanenmu da wani Arɗo da ke zaune ta wajen Kudan. Ƙanen mahaifina, wanda nake kira Baffa, ya tura rakensa har ya toshe hanyar, shanu suka shiga suka yi ɓarna, magana ta kai gaban alƙali. Alƙali ya ce a kawo takardar.

Ana saura kwana biyu a kai ta, Baba ya ce in ciro ta in kakkaɓe. Baffa na tsaye a kaina. Layin iyaka ya koɗe daidai wajen rijiyar, amma da na ɗaga takardar a rana na gan shi sarai, ya bar rijiyar a cikin burtali. Gaskiyar Arɗo ce. Baffa ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya gani in ba ni da kai ba? Abu ya koɗe, gyara za ka yi. Ɗan karkata hannunka kaɗan, ko so kake Fulani su yi mana dariya a kasuwar Makarfi?" Na ce, "Baffa, in Baba ya sani fa?" Ya ce, "Da wane idon?" Wallahi har yau wannan kalmar ba ta bar kunnena ba. Na fiƙe alƙalamin kara, na ja layi ɗan guntu da bai kai tsawon yatsa ba, rijiya ta dawo ɓangarenmu.

To ga inda wautata take. Tawadar kakana irin ta gida ce, wadda ake dafawa da bagaruwa da ƙaro da kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ke fita a maƙera, sai ta kwana biyu tana tsima. Ni kuwa ɗan boko mai gaggawa, ina da tawadar kwalba da na sayo a kanti a Zariya, wadda nake taƙama da ita a makaranta. Ita na zuba wa ɗan baƙin tukunya, na yi aikin da ita, na turara wajen a hayaƙin murhu har ya yi kalar tsufa. Na duba na ce ko kakan ya tashi ba zai bambance ba. Ina na san akwai masu aikin tambayar tawada shekarunta?

A kotu Arɗo bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban ƙaryata tsohon malamin da ya zana taswirar nan ba, ya yi wa ubana addu'a. Amma a rijiyar nan na shayar da shanu tun ina yaro. Takardar nan wani hannu ya taɓa ta." Sai sabon jami'in gundumarmu, Bahaushe ne da ya gaji kujerar Bature, ya ba da shawara a kira wani ma'aikacin ɗakin gwaji daga Kaduna. Mutumin ya zo da gilashin ƙara girma da 'yan kwalabe a akwati. Ya yi bayani a gaban kowa, ya ce tawadar gargajiya tana da ƙarfe, in ta daɗe sai ta ci cikin takarda ta koma ruwan ƙasa, ita kuwa ta kanti a sama take kwanciya, kuma akwai rini a cikinta, in an ɗiga mata ruwan magani sai ta saki shuɗi. Ya ɗauki allura ya ɗan kankaro ƙwaya-ƙwaya daga wurare biyar. Na huɗun a kan layina ya sauka. Ina zaune ina kallo, gumi ya jiƙa mini riga, har na kusa da ni ya tambaye ni ko zazzaɓi nake yi.

Ya tafi da su Kaduna don gwaji, aka ce sakamako zai iso ran Litinin ta sama. Da a nan abin ya tsaya da na ce in ya fito in sha kunyata. Amma Baba ya miƙe a kan sandarsa ya ce, "Ba zan zauna kwalba ta wanke mini ubana ba. Ran Litinin, kafin a buɗe takardar Kaduna, zan yi alwala in dafa Alƙur'ani in rantse babu hannun da ya taɓa taswirar nan tun da mai ita ya ajiye alƙalami." Alƙali ya ba shi haƙuri, ya ƙi. Mutumin da bai taɓa rantsuwa ba ko a kan kaza, zai rantse a kan ƙaryata, yana ganin gaskiya yake karewa. Sannan a buɗe ambulan a gaban Arɗo da almajiransa da duk gari. Wa zai yarda bai sani ba? Wa zai ƙara zuwa zaurensa ɗaukar karatu?

Na je wa Baffa, ya ce in na buɗe baki shi bai san zancen ba, hannuna ne a takarda ba nasa ba, kuma gaskiya ya faɗa. In na je wa alƙali, aikina ya tafi, ƙila da ɗauri, gari kuma ya ce ni na sayar da fadama. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da na kasa shi ne durƙusawa gaban tsohon nan in ce masa na ci amanar makantarsa. Sau uku ina shiga zaure da niyyar faɗa, sau uku ina ƙarewa da tambayarsa ko a kawo masa fura.

Jiya bayan La'asar Baba ya kira ni, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Malam ƙarami, ran Litinin ba na son kowa ya ja ni sai kai. Kai za ka ɗora mini hannu a kan Littafin, don kai kaɗai na taɓa bari ya buɗe gafakar nan." Na ce to.

Yau Alhamis, jama'a. Me zan yi?