Tsohon da Ya Kasa Sallamar Baƙo

Zuwa ga ƙanwata Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya sanyin ƙasar Ayalan? Yaya maigidan da su Ummi? Mu nan Sabon Birni lafiya lau, gero ma ya yi kyau bana.

Hadiza, na yi dariya. Tun rasuwar maigidana Malam ban yi ba sai ran Talata. Maƙwabciyarmu Malama Rabi ce ta ja ni ɗakinta bayan la'asar, ana wasan ban dariya a talabijin kan mutanen ƙasar da kike zaune, tana fassara mini. Wani tsoho ya yi sallama da baƙonsa, suka tsaya bakin ƙofa cikin ruwan sama suna ta hira, har matar gidan ta sake kawo musu shayi. Na ce, "Rabi, wallahi wannan Malam ne!" Kin san shi, ya raka baƙo har tashar motocin garin Isa, baƙon kuma ya rako shi gida. Na yi ta dariya har da hawaye, sai kunya ta kama ni, kamar na yi masa laifi.

Na tambaye ta ko taubasansu ne ke tsokanarsu, kamar mu da Yarbawa. Ta ce a'a, su ke yi wa kansu. Ashe mutum na dariyar nasa don yana son su. Sai hankalina ya kwanta. Talata mai zuwa za ni koma.

Ki sa Malam a addu'a, ni ma ki roƙa mini ƙarin haƙuri. Ki gaishe da maigidan da yara, Inna na gaishe ku.

Yayarki,
Balkisu